Bango ɗaya, gida biyu: yadda safiyo ya shiga tsakanin maƙwabta a Ingila

Idan ka taɓa ganin hoton unguwannin Landan ko Mancesta, za ka lura gidajen a jere suke, kafaɗa da kafaɗa, babu ko lungu a tsakani. Bangon da ya tare ɗakinka shi ne ya tare na maƙwabcinka, shi ke ɗauke da rufinka da nasa. To, ranar da ka tashi ƙara bene ko haƙa sabon tushe, wa ke da iko da wannan bango? Kuma shin dole ne sai ka kira safiyo? Ingila ta shafe sama da shekara 800 tana gyara amsar, kuma daga gobara maganar ta faro.

Landan ta farko garin katako ce da jinka. Wuta na kama gida ɗaya, sai ta lashe layi guda. A wata doka da ake dangantawa da shekarar 1189, zamanin magajin garin Landan na farko, Henry Fitz-Ailwin, an tsara cewa maƙwabta biyu da ke son bangon dutse a tsakaninsu, kowa ya ba da ƙafa ɗaya da rabi daga filinsa. Kaurin bangon ya zama ƙafa 3, tsayinsa ƙafa 16, wato kusan mita 5, kuma su raba kuɗin aikin. Ka ga tun daga nan an aza ka'idar: bango ɗaya, mallakar mutum biyu.

Sai dai rubuta doka daban, bin ta daban. Ranar 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi a layin Pudding, ta yi kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje kimanin 13,200 da coci 87, har da babban cocin St Paul. Da toka ta lafa sai sabuwar rigima ta kunno kai: ina iyakar filin wane ta tsaya? Bangon da ke nuna iyakar ya zama tarin ɓaraguzai, kowa kuma na cewa nasa ya fi haka faɗi.

A 1667 majalisa ta yi dokar sake gina birnin. Ta wajabta a yi bangon gida da jan bulo ko dutse, ta ƙayyade kaurinsa gwargwadon girman gidan, ta ce bangon tarayya ya hau kan filin maƙwabtan biyu daidai wa daida. Wanda ya riga tashi shi zai gina bangon, idan ɗayan ya zo yin nasa ginin sai ya biya rabin kuɗin. Wa zai tabbatar ba a ci iyakar kowa ba? Safiyo. Cikin waɗanda birnin ya naɗa akwai Robert Hooke. E, shi dai wanda ka sani a darasin fiziks da dokar miƙewar sifirin, wanda ya leƙa ɓawon itace a madubin ƙara girma ya ga 'yan ɗakunan da a yau muke kira ƙwayoyin halitta. Shi da Peter Mills da John Oliver suka riƙa bin kufai suna awo, suna kafa turaku, suna ba da takardar shaida, suna kuma sauraron maƙwabtan da suka saɓa. Hooke kaɗai ya auna dubban fuloti.

Daga nan dokokin suka yi ta bin juna. Ta 1774 ta kawo safiyon gunduma mai sa ido kan gine-gine. Dokokin ginin Landan na 1894 da 1939 suka zaunar da tsarin sanar da maƙwabci da naɗa masu sasantawa. A hankali hankalin doka ya tashi daga tsoron wuta kawai, ya koma kan haƙƙin wanda ke bayan bangon. Amma duk wannan a tsakiyar Landan ya fi aiki. A yawancin ƙasar, idan aka saɓa sai kotu. Sai a 1996 aka yi dokar bangon tarayya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 1997 a duk Ingila da Wales. Sikotilan da Arewacin Ayalan ba sa ciki.

To me dokar ta ce maka idan kai ne mai ginin? Ba ta ce ka fara da safiyo ba. Cewa ta yi ka fara da takarda. Idan za ka taɓa bangon kansa, kamar ka huda shi ka zaunar da ƙarfen da zai ɗauki bene, ko ka ƙara masa tsayi, ko ka sare bututun hayaƙi da ke jikinsa, sai ka ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata 2 kafin aiki. Idan sabon bango za ka yi a kan iyaka, wata 1 ne. Haka ma haƙa: wata 1, idan ramin yana cikin mita 3 daga gininsa kuma zai zarce tushensa zurfi. Rami mai zurfi sosai kuwa, har mita 6 dokar ke bin sa. Ƙananan abubuwa irin su shafe ko kafa kanta ba sa buƙatar komai.

Me ya kawo maganar rami, alhali ba ka taɓa bangon ba? Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Nauyin gini ba ya sauka a miƙe kamar an kafa sanda, bazuwa yake yi gefe-gefe yayin da yake nutsawa. Ƙasar da ke gefen tushen maƙwabcinka, har wadda ke cikin filinka, tana cikin abin da ke tallafe da gidansa. Ka kwashe ta, tushen ya ɗan zauna ta gefe ɗaya, bulo kuma ba ya lanƙwasa, darewa yake yi. Shi ya sa dokar ke ja layi mai kusurwar digiri 45 daga gindin tushensa zuwa ƙasa: idan raminka ya ratsa layin, maganar ta shafe shi.

Bayan sanarwa, maƙwabci na da kwana 14. Idan aikin taɓa bangon ne ko haƙa, kuma ya amince a rubuce, shi ke nan, ba ka buƙatar safiyo. Idan ya ƙi, ko ya yi shiru, doka ta ɗauka an saɓa, kuma a nan ne safiyo ya zama dole. Ko ku yarda da mutum ɗaya, ko kowa ya naɗa nasa, su biyun su zaɓi na uku da zai raba gardama. Su za su rubuta hukuncin da ya fayyace yadda za a yi aikin da lokutansa, galibi tare da hotunan yadda gidan maƙwabci yake kafin a fara. Mai ƙorafi na da kwana 14 ya kai kotu. Kuɗin kuwa yawanci mai ginin ke biya.

Ga abin da ke ba mutane mamaki: ko da kai ka naɗa shi kuma kai ke biya, safiyon ba lauyanka ba ne. Ba ka da ikon sallamarsa don bai faɗi abin da kake so ba. Idan kuma ka yi gaban kanka ba sanarwa, maƙwabci na iya samo umarnin kotu a tsayar da aikin. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce inda ba a ba da sanarwa ba, ba a shiga ƙarƙashin dokar ba ke nan, sai dai shari'a ta yau da kullum, mai tsada da cin lokaci.

Wannan dabara ta sa gwani a tsakani ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya. A ƙarni na 14, wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba bangon da ake jayayya a kai, ya rubuta littafi sukutum kan hukuncin gini tsakanin maƙwabta. Shi ma jikin bangon yake karantawa, ya duba yadda ya sarƙu da na kowane gida da kuma azarar wa ke kansa.

Saboda haka, idan kana da gida a Ingila ko Wales kuma kana shirin aiki, fara da ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da zanen ginin a hannu, sannan takarda ta biyo baya. Ko ya amince, ku ɗauki hoton bangon ta ɓangarensa kafin a sa guduma. Ran da tsaga ta fito, hoton ne zai faɗi ko tsohuwa ce ko sabuwa.