Kanwa a Ramin Occator

A daren 1 ga Janairu 1801, wani limamin Katolika mai nazarin taurari, Giuseppe Piazzi, yana duban sama daga birnin Palermo na Italiya, sai ya hangi wani ɗigon haske da ba ya cikin taswirarsa. Ya yi ta bibiyarsa har rashin lafiya ya kwantar da shi, abin kuma ya shige cikin hasken rana ya ɓace. Lissafin wani matashi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ne ya nuna inda za a sake ganinsa. Wannan ita ce Ceres, mai faɗin kilomita 940, da ke zagayen rana tsakanin Mars da Jupiter. A 2006 aka sa ta cikin ƙananan duniyoyi tare da Pluto.

Sai da aka haura shekara 200 kafin ɗan Adam ya ga fuskarta da kyau. Kumbon Dawn na hukumar NASA, wanda aka harba a Satumban 2007, ya isa can a Maris 2015. Tun kafin ya ƙarasa, hotunansa suka nuna wasu tabbai farare fat suna ƙyalli a tsakiyar wani rami mai faɗin kilomita 92, alhali sauran jikin Ceres baƙi ne kamar gawayi. Wasu suka ce ƙanƙara ce, wasu suka ce aman wuta.

Ramin shi ne Occator, wanda wani ƙaton dutse ya haƙa da ya faɗo mata kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce. A 2016 bincike ya nuna yawancin farin nan sinadarin da ke cikin kanwa ne. Abin nan da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, wanda iyayenmu mata ke jefawa a tukunyar wake, shi ne shimfiɗe a can. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Zafin faɗowar dutsen ya narkar da ƙanƙarar ƙasa, ya kuma tsattsaga ta, ruwan gishiri da ke kwance can ƙasa ya sami hanyar tsattsafowa. Da ya fito fili sai ruwan ya tsere, gishirin ya zauna. Masana sun sami gishirin da bai gama bushewa ba, alamar ruwan bai daɗe da fitowa ba, wataƙila ma bai daina ba.

Man Dawn ya ƙare a ƙarshen 2018. Yana nan yana zagayen Ceres, shiru.