Babbar Girgizar Cibiyar Zarra da Injin Gashin Cutar Daji a Arewa

A cibiyar ƙwayar zarra akwai furoton masu cajin lantarki da niyutiron marasa caji, cunkushe wuri guda. Idan hasken gamma mai ƙarfin da ya dace ya faɗa mata, sai furoton su karkata gefe ɗaya baki ɗayansu, niyutiron su yi ɗaya gefen, su dinga kai-da-komo. Kamar lilo ne, turin da ya zo a kan lokacinsa shi ke cilla shi sama. Wannan ita ce babbar girgizar cibiya. Da'awata ita ce batun bai tsaya a ajin fiziya ba, ya shafi har majinyacin cutar daji da likita ya tura Sakkwato ko Zariya a yi masa gashi.

Bothe da Gentner suka fara ganin alamarta a Jamus a 1937, Migdal na Tarayyar Sobiyet ya yi hasashenta a 1944, Baldwin da Klaiber suka fito da ita sarari a Amurka a 1947. Goldhaber da Teller suka ba da bayaninta a 1948, Steinwedel da Jensen suka kawo nasu a 1950. Abin da aka tabbatar shi ne, gwargwadon nauyin cibiya gwargwadon sauƙin ƙarfin da zai girgiza ta, wanda ake aunawa da MeV: iskar oksijin sai an haura MeV 20, tagulla wajen 17, dalma kuwa kusan 13.5 ya ishe ta. Cibiyar da ba ta da siffar ƙwallo, irin ta tantalam, girgizarta kashi biyu take rabuwa, ta haka ma ake gane siffarta.

To, cibiya mai nauyi idan ta girgiza, galibi niyutiron take tofarwa kafin ta lafa. Nan ne maganar ta iso asibiti. Tsohon injin gashi na kobal-60 haskensa MeV 1.17 da 1.33 ne, bai ko kusanci wannan mataki ba. Injin gashi na zamani kuwa, wato lina, idan aka ɗaga shi sama da MV 10, zuwa 15 ko 18, haskensa yana dukan tangistan da dalmar da ke cikin kansa, wato ƙarafan da aka sa don kariya, su kuma su fitar da niyutiron. Waɗannan niyutiron ba su san iyakar ƙari ba: sauran jikin majinyaci suna samu, suna bin lungun ɗaki har bakin ƙofa inda ma'aikata ke tsaye. Shi ya sa ake sa robar da aka cuɗa da boron a ƙofar irin wannan ɗaki, don dalma kaɗai ba ta tsayar da su yadda ya kamata.

Za a ce niyutiron da majinyaci ke samu kaɗan ne idan aka gwada da amfanin gashin. Gaskiya ne, kuma kada kowa ya guji magani saboda wannan. Amma kaɗan ɗin sai an auna ake saninsa.

Ba mu rasa tushe ba. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana gudanar da ƙaramar tukunyar nukiliya, NIRR-1, tun 2004, kuma aiki da niyutiron shi ne sana'arta. A ganina can ya kamata a horar da masu auna niyutiron na asibitocinmu. Duk gwamnatin da za ta sayo injin da ya wuce MV 10, ta sa kuɗin na'urar awo da albashin masanin fiziyar asibiti a cikin kwangilar tun farko.