Abin da ya kamata a sani kafin sayen ƙaramar kwamfuta mai allo guda

Kwamfuta mai allo guda cikakkiyar kwamfuta ce da aka harhaɗa dukkan muhimman sassanta a kan ɗan allo ɗaya, irin wanda masu gyaran waya ke kira fanel. Girman da yawa daga cikinsu kusan na katin cirar kuɗi a banki ne.

Ɗalibai da malamai da masu sha'awar ƙere-ƙere ne suka fi amfani da ita, wajen koyon rubuta manhaja da kuma sarrafa fitilu, injina da na'urorin aune-aune.

Sai dai kuma allon shi kaɗai ba ya aiki. Ba ya zuwa da caja, ko memori, ko kibod, ko sikirin. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa ke haɗa shi da sauran kayayyakin da yake buƙata a kwali ɗaya, su sayar a matsayin ƙunshin kayan farawa.

Waɗannan ƙunshe-ƙunshe sun bambanta matuƙa a farashi da inganci. Abubuwa biyu ne ke raba mai kyau da maras kyau: dacewar allon da aikin da za a yi, da kuma ingancin caja da memorin da aka sanya a ciki.

Asali

Wadda ta fi suna a cikin irin waɗannan kwamfutoci ita ce Raspberry Pi, wadda aka ƙirƙiro a birnin Kambirij na ƙasar Ingila.

Eben Upton da wasu abokan aikinsa a jami'ar Kambirij sun lura cewa yawan ɗaliban da ke neman karanta kimiyyar kwamfuta yana raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su da gogewar rubuta manhaja kamar na baya.

Sun danganta hakan da ɓacewar ƙananan kwamfutocin gida irin su BBC Micro ta shekarar 1981, waɗanda yara ke koyon rubuta manhaja a kansu. Don haka suka kafa wata gidauniya da nufin ƙera kwamfuta mai arhar da yaro zai iya yin gwaji da ita ba tare da fargabar lalata kayan gida mai tsada ba.

A ranar 29 ga watan Fabrairun shekara ta 2012 aka fara sayar da ita a kan dala 35. Tun daga wannan shekara ake ƙera akasarinsu a wata masana'antar kamfanin Sony da ke garin Pencoed a yankin Wales.

Ya zuwa shekara ta 2024, lokacin da kamfanin da ke ƙera ta ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan, an sayar da sama da miliyan 60. An kuma aika da guda biyu zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Disambar 2015, domin gudanar da manhajojin da 'yan makaranta suka rubuta.

Aikin da za a yi

Tambayar farko ga mai saye ita ce, wane aiki yake son yi da na'urar.

Wanda ke son koyon harshen manhaja na Python, ko rubuta takardu da shiga intanet, yana buƙatar allo mai ƙarfi da zai haɗa da sikirin da kibod.

Wanda kuma ke son na'urar da za ta zauna a lungu tana aiki guda, misali adana littattafai ana karantawa ta waya, ko ɗaukar hoto a ƙofar gida, ƙaramin allo ya ishe shi.

Akwai kuma ayyukan da ba sa buƙatar cikakkiyar kwamfuta sam. Kunna famfon ruwa idan tanki ya yi ƙasa, ko auna zafin ɗakin ƙyanƙyasar kaji, aiki ne na wani rukunin alluna da ke gudanar da umarni guda ɗaya kawai, suna maimaita shi.

A wannan rukuni akwai Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, da ESP32 na kamfanin Espressif da ke China, da kuma Raspberry Pi Pico da ya fito a watan Janairun 2021 a kan dala 4.

Irin waɗannan ba su da babbar manhaja. Suna fara aiki nan take da zarar an ba su wuta, ba sa cin lantarki sosai, kuma ɗaukewar wuta ba ta cika lalata abin da aka ɗora musu ba.

Samfuran da ake da su

Raspberry Pi 3, wadda ta fito a 2016, ita ce ta farko da ta zo da Wi-Fi da Bluetooth a jikinta. Ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato RAM, gigabayit 1 ce, abin da ke sa ta nauyi wajen buɗe shafukan intanet na yanzu.

Raspberry Pi 4 ta fito ne a watan Yunin 2019. Tana ɗaukar sikirin biyu a lokaci guda, kuma a 2020 an ƙara mata samfuri mai gigabayit 8. Ta isa yawancin ayyukan koyo.

Raspberry Pi 5 ta biyo baya a watan Oktobar 2023. Kamfanin ya ce saurinta ya ninka na wadda ta gabace ta sau biyu zuwa uku. Ta zo da maɓallin kunnawa da kashewa, da agogon ciki da ake sa wa ɗan batir. Amma an cire mata ramin sa abin sauraro na kunne, kuma ta fi cin wuta da yin zafi. An ƙaddamar da mai gigabayit 4 a kan dala 60, mai 8 kuma dala 80.

Sai ƙananan da ake kira Zero. Ta farko ta fito a 2015 a kan dala 5, sannan Zero 2 W a 2021 a kan dala 15. Tsawonta milimita 65 ne, faɗinta kuma 30. RAM ɗinta rabin gigabayit ce, don haka ta fi dacewa da aikin da ba ya buƙatar sikirin.

Haka kuma akwai Pi 400 ta 2020 da Pi 500 ta 2024, waɗanda aka sanya allon a cikin kibod. Su ne suka fi sauƙi ga yara da ajin makaranta, domin babu wani sashe da ke a fili.

Ba a iya ƙara RAM a kan waɗannan alluna bayan an saya, saboda a manne take. Gigabayit 4 ta wadatar ga mai koyo da zai yi amfani da sikirin.

Farashin da aka ambata na lokacin ƙaddamarwa ne. An yi ƙarancin allunan a 2021 da 2022, inda 'yan kasuwa suka riƙa sayar da su fiye da kima, sannan a ƙarshen 2025 kamfanin ya ƙara kuɗin wasu samfuran saboda tsadar RAM a duniya. Kuɗin dako da na kwastan da canjin kuɗi su ma suna ƙaruwa a kai.

Caja

Caja ita ce abin da masu haɗa ƙunshi mai arha suka fi rage wa inganci, kuma ita ce tushen yawancin matsalolin da sababbin masu amfani ke fuskanta.

Dukkan samfuran suna aiki ne da bolt 5, amma ƙarfin wutar da suke ja ya bambanta. Pi 3 na buƙatar amfiya 2.5, Pi 4 na buƙatar amfiya 3, yayin da kamfanin ya yi wa Pi 5 caja ta musamman mai wat 27, wadda ke bayar da amfiya 5.

Pi 5 tana tashi da caja mai amfiya 3, sai dai takan rage wutar da take bai wa kayan da aka jona mata ta USB.

Cajojin waya da yawa da aka rubuta wa wat 30 ko fiye, suna kai wa wannan adadi ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa 9 ko 12, abin da allon ba ya amfani da shi. Saboda haka abin dubawa a jikin caja shi ne amfiya nawa take bayarwa a bolt 5.

Idan wuta ta yi ƙasa da kimanin bolt 4.6, na'urar takan nuna gargaɗi, ta rage gudu, wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi. Siririyar waya mai tsawo ita ma tana jawo hakan, ko da cajar mai kyau ce.

Ya kamata kuma a duba bakin filogi. Najeriya da Ghana sun fi amfani da mai ƙafa uku irin na Birtaniya, Nijar da Kamaru da Chadi kuwa mai ƙafa biyu irin na Turai.

Memori da babbar manhaja

A kan katin memori na microSD ake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kuma a nan ake adana duk wani aiki. Idan katin ya lalace, na'urar ba za ta tashi ba.

Mai gigabayit 32 ya wadatar. Alamar A1 ko A2 a jikin kati na nuna cewa an yi shi ne domin gudanar da manhajoji.

Katunan jabu sun yi yawa a kasuwanni. Wasu sukan nuna girman da ba su da shi, sai bayanai su fara ɓacewa idan an cika ainihin girmansu. Akwai manhajojin kyauta, kamar H2testw, da ke gwada kati kafin a fara aiki da shi.

Babbar manhajar ita ce Raspberry Pi OS, wadda aka gina a kan Debian, wani reshe na Linux. Kyauta ce. Wasu ƙunshe-ƙunshen na zuwa da ita a kan kati, abin da ke da amfani ga wanda ba shi da wadataccen intanet. Mai wata kwamfutar kuwa zai iya ɗora ta da kansa ta amfani da Raspberry Pi Imager, da aka fitar a 2020.

Wayoyin haɗi da kayan gwaji

Ana iya amfani da duk talabijin mai ramin HDMI a matsayin sikirin. Amma bakin ramin da ke jikin allon ya bambanta: Pi 3 na da babba, Zero na da matsakaici, Pi 4 da Pi 5 kuma suna da mafi ƙanƙanta. Ƙunshi mai kyau yakan zo da wayar da ta dace da allon da ke cikinsa.

A gefen allon akwai ƙananan fil 40, waɗanda ta kansu ake jona fitilu, maɓallai da na'urorin aune-aune. A wasu allunan Zero ba a manna fil ɗin ba, sai mai saye ya liƙa su da dalma.

Fil ɗin da ke karɓar saƙo suna aiki ne da bolt 3.3. Idan aka ba su bolt 5, kamar yadda wasu kayan Arduino ke fitarwa, allon na iya ƙonewa.

Don gwajin farko, allon gwaji mai ramuka, da wayoyi, da 'yan fitilun LED, da resisto, da maɓallai sun isa. Yawan kayan da ke cikin kwali ba shi ne ingancinsa ba. Ƙunshin da ke da littafin jagora mai bayyana kowane gwaji daki-daki ya fi amfani ga mai koyo.

Duk aikin da ya shafi wutar gida, wadda ta haura bolt 200, yana da haɗarin kisa, don haka ƙwararren mai aikin lantarki ne ya kamata ya yi wannan ɓangare.

Zafi, ƙura da ɗaukewar wuta

Ƙwaƙwalwar allon takan fara rage gudu da kanta idan zafinta ya kai digiri 80 a ma'aunin Selsiyus. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a lokacin bazara, ana saurin kai wa wannan mataki.

Saboda haka Pi 4 da Pi 5 na buƙatar gida mai fanka, ko kuma na ƙarfen alminiyum da ke tsotse zafi. Na ƙarfen ba ya jan ƙurar hunturu ciki kamar mai fanka.

Ɗaukewar wuta a lokacin da na'urar ke rubutu a kan memori na iya lalata babbar manhajar. Maganin hakan shi ne a haɗa ta da batir mai riƙe wuta, a riƙa kashe ta ta hanyar umarni kafin a zare caja, sannan a ajiye kwafin katin a wani wuri.

Pi 4 na cin kimanin wat 3 idan ba ta aiki mai nauyi, don haka ƙaramar sola na iya ɗaukarta. Amma ba a jona ta kai tsaye da batir mai bolt 12, sai an sa na'urar da ke sauko da wutar zuwa bolt 5.

A wuraren da babu intanet, ana ɗora mata manhajar Kiwix, wadda ke adana kundin Wikipedia, har da na Hausa, jama'a su karanta da wayoyinsu ta Wi-Fi ɗin allon.

Sauran kamfanoni

Akwai wasu allunan kamar Orange Pi da Banana Pi na China, da BeagleBone Black da ya fito a Amurka a 2013. Wasunsu sun fi Raspberry Pi ƙarfi a farashi ɗaya.

Bambancin yana wajen manhaja da littattafan koyarwa. Yawancin darussan da ake samu an rubuta su ne domin Raspberry Pi, kuma kamfanin na sanar da shekarar da zai ci gaba da ƙera kowane samfuri har zuwa gare ta. Wannan na da muhimmanci ga makarantar da za ta so maye gurbin allon da ya lalace da irinsa.

Ƙunshi ko ɗai-ɗai

Wanda ke da kibod da linzamin kwamfuta da talabijin a gida, abin da ya rage masa shi ne allo, caja, memori, wayar HDMI da gida mai sanyaya. Sayen su ɗai-ɗai na ba shi damar zaɓen mai inganci a kowanne.

Ƙunshi kuwa yana rage kuskuren sayen abin da bai dace ba, kuma dako ɗaya ake biya. Kafin biyan kuɗi, ya kamata mai saye ya tabbatar akwai allon a ciki, domin wasu ƙunshe-ƙunshen kayan haɗi ne kawai duk da hoton allon da ke jikin kwali. Ya kuma karanta lambar samfurin, da girman RAM, da amfiyar caja.

Kamfanin Raspberry Pi na wallafa jerin dillalan da ya amince da su a ƙasashe daban-daban, kuma sayen allo da caja daga wurinsu na rage haɗarin faɗawa hannun masu kayan jabu.