Mene ne tsarin kasuwanci, kuma wa ke biyan kuɗin?

Tsarin kasuwanci shi ne bayanin yadda kamfani ke samar da abin da mutane ke buƙata, da yadda yake isar da shi gare su, da ƙofar da kuɗi ke shigo masa har su zarce abin da ya kashe. Ya bambanta da dabarun gasa, waɗanda suka shafi yadda za a sha gaban abokin hamayya.

Kalmar ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin intanet suka yi ta tara jari ba tare da sanin inda riba za ta fito ba. Da yawansu sun durƙushe a 2000 da 2001. A 2002, Joan Magretta ta bayyana a mujallar Harvard Business Review cewa tsari nagari dole ya ci jarrabawa biyu: labarinsa ya zama mai ma'ana, lissafinsa kuma ya fita. A littafinsu na 2010, Alexander Osterwalder da Yves Pigneur sun kasa shi gida tara: rukunin abokan ciniki, amfanin da ake ba su, hanyoyin isa gare su, hulɗa da su, kafofin kuɗin shiga, kadarori, muhimman ayyuka, abokan haɗin gwiwa, da kuɗin da ake kashewa.

Nau'o'insa suna da yawa. Akwai sayarwa kai tsaye, akwai biyan kuɗin wata-wata irin na Netflix, akwai karɓar kamasho irin na Uber. Akwai kuma sayar da na'urar buga takardu da araha domin a ci riba a kan tawada.

Wanda ya fi shafar siyasa shi ne tsarin talla. A 1833, Benjamin Day ya kafa jaridar The Sun a birnin New York na Amurka, yana sayar da ita senti 1 alhali manyan jaridu na kan senti 6. Masu talla ne ke cike giɓin, domin tarin masu karatu suke saye.

A kan wannan turba Facebook ya ginu. A 2023, kamfanin Meta mai mallakarsa ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin ɗari daga talla ya fito. Ke nan mai talla ne abokin ciniki, hajar kuwa hankalin mai amfani da shafin ne da bayanansa. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica, mai yi wa 'yan siyasa aiki, ya samu bayanan mutanen da aka ƙiyasta sun kai miliyan 87. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. A Najeriya ma, hukumar FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, bisa zargin keta dokokin kare bayanai da haƙƙin masu saye.

Ma'aunin bai tsaya a kan kamfanonin fasaha ba. Jaridar da mafi yawan kuɗinta ke fitowa daga tallan gwamnati za ta yi tunani sosai kafin ta binciki gwamnatin, wadda kuma masu karatu ke riƙe da ita tana tsoron rasa amincewarsu. Saboda haka, mai son sanin wa kamfani ke yi wa hidima ya fara da binciken wanda ke biyansa.