WAƘA TA WA CE? ETTA JAMES DA WAƘOƘIN GADO NA AMURKA

A cikin shekarar 1941 waɗansu mutum biyu a ƙasar Amurka, Mack Gordon da Harry Warren, suka haɗa kai suka tsara wata waƙar soyayya domin wani fim mai suna Sun Valley Serenade. Gordon ya rubuta baitoci, Warren kuma ya sa musu karin murya, suka raɗa mata suna "At Last", wato kamar mai dogon jira ya ce, "To, yau dai Allah ya yi." Masu fim ɗin ba su bari an ji baitocin a ciki ba, sai da shekara ta kewayo sannan ƙungiyar makaɗa ta Glenn Miller ta rera ta a wani fim ɗin na daban, Orchestra Wives, na 1942. Lokacin da aka tsara waƙar nan, wadda duniya ta san ta da ita a yau tana 'yar shekara 3 a birnin Los Anjalas, ko hannunta na dama ba ta gama bambancewa da na hagu ba. Amma duk da haka, in mai karatu ya tambayi masu sha'awar kiɗan Amurka ko "At Last" waƙar wa ce, da wuya ya ji sunan Gordon ko na Warren ko na Miller. Etta James za a ce masa.

Kafin mu shiga labarinta, ya kamata mu ɗan san irin waƙoƙin da ake magana a kansu. Daga wajen 1920 zuwa wajen 1950 an sami waɗansu gwanayen masu tsara waƙa a birnin Niyok da Hollywood, irin su Irving Berlin da George Gershwin da Harold Arlen, waɗanda sana'arsu ke nan, su rubuta waƙa su miƙa wa masu wasan kwaikwayo na dandamali ko masu fim, wani ya rera. Mafi yawan waƙoƙin sun mutu tare da wasannin da aka yi su dominsu. Amma akwai waɗanda makaɗan jaz suka tsince, suka yi ta juya su dare da rana a gidajen rawa, har suka zama duk wanda ke son a kira shi makaɗi tilas ya san su da ka. Su ne za mu kira waƙoƙin gado a cikin wannan maƙala. Gininsu kusan iri ɗaya ne: kashi huɗu, kowane kashi gaɓa 8 ta kiɗa, jimla 32. Kashi na ɗaya da na biyu da na huɗu karinsu ɗaya, na uku ne kawai ke kaucewa ya dawo. Wannan sauƙin gini shi ya ba mawaƙi fili, domin gidan da ginshiƙansa suka kafu kowa na iya yi masa shafe da launin da ya ga dama.

Doka ma ta taimaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ce da zarar an buga waƙa a faifai sau ɗaya, kowa na iya sake rera ta ya buga nasa faifan ba tare da ya nemi izini ba, muddin zai biya mai waƙar santi 2 a kan kowane faifai. Wannan farashi bai motsa ba sai a 1978. Dokar nan ta cuci Etta James tun tana ƙarama, daga baya kuma ita ce ta buɗe mata ƙofar arziki.

Sunanta na yanka Jamesetta Hawkins, an haife ta ran 25 ga Janairu, 1938. Mahaifiyarta Dorothy shekararta 14 kacal sa'ad da ta haife ta, saboda haka riƙo ya faɗa hannun wata mata, Lula Rogers, da mijinta. Dorothy kuwa takan bayyana ne ta sake ɓacewa, ta zo cikin kwalliya da ƙamshi, kafin yarinya ta saba da ita ta yi gaba. Wannan ya sa Etta ta laƙaba mata suna "Mystery Lady", wato matar da ba a san cikinta ba. Tun tana 'yar shekara 5 aka sa ta cikin mawaƙan cocin St. Paul Baptist a ƙarƙashin James Earle Hines, wanda ya hore ta da fito da murya daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. A cocin baƙar fatar Amurka ba a rera waƙa da sanyin jiki. Ana jan kalma ɗaya a lanƙwasa ta sau uku ko huɗu, a yi nishi, a yi kururuwa, jama'a na amsawa. Wannan salo ne da ya fita daga coci ya shiga waƙoƙin soyayya aka kira shi sol.

Bayan rasuwar Lula Rogers a 1950 Dorothy ta ɗauke ta zuwa San Faransisko. Can ne makaɗi Johnny Otis ya ji muryarta, ya juya sunanta daga Jamesetta ya koma Etta James. A 1955 waƙarta ta fari, "The Wallflower", ta hau matsayi na 1 a jerin waƙoƙin baƙar fata da mujallar Billboard ke fitarwa. A zamanin nan kasuwar faifai a rabe take kamar yadda makarantu da motocin haya suke a rabe: akwai jerin baƙaƙe, akwai babban jeri inda kuɗi suke. Nan da nan wata baturiya, Georgia Gibbs, ta ɗauki waƙar, aka sassauta kalmominta don kada su yi wa gidajen rediyo nauyi, aka sake mata suna "Dance with Me Henry", ta kai matsayi na 1 a babban jeri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina abin da Gibbs ta yi bai wuce kwafi ba, domin ba ta ƙara wa waƙar kome ba, rage mata ta yi.

A 1960 Etta ta koma kamfanin Chess na birnin Shikago, na 'yan'uwan nan biyu Leonard da Phil Chess, waɗanda suka yi ƙaura daga Folan, inda su Muddy Waters da Chuck Berry suka yi suna. Leonard ɗan kasuwa ne mai ido. Ya ga yadda Dinah Washington ta ci kasuwa a 1959 da tsohuwar waƙar nan "What a Diff'rence a Day Makes" bisa kiɗan gogen Turawa, ga kuma Ray Charles ya ɗauko "Georgia on My Mind", wadda aka tsara tun 1930, ya kai ta matsayi na 1 a 1960. Shi ma ya haɗa yarinyar da mai tsara kiɗa Riley Hampton, aka tara mata masu goge, aka miƙa mata waƙoƙin zamanin iyayenta. Faifan At Last! ya fito a ƙarshen 1960, tana da shekara 22. A cikinsa akwai "Stormy Weather", wadda Ethel Waters ta fara rerawa a gidan rawa na Cotton Club a 1933, da "Trust in Me" da "A Sunday Kind of Love".

To, me ta yi wa "At Last" da har ta ƙwace ta? Duk wanda ya saurari ta Miller zai ji kiɗan rawa ne na masu kwat da doguwar riga, kayan busa ne ke da fage, sai an yi nisa sannan mawaƙi ya shigo ya sauke baitocinsa sumul, kowace kalma a kan bugunta. Daɗi gare ta, amma wanda ke rerawa bai yi kama da wanda ya taɓa jiran kowa ba. A hannun Etta da Hampton an rage gudu, an raba kowane bugu gida uku irin na waƙoƙin coci, ta yadda kiɗan ke rangaji maimakon tafiya. Goge ya buɗe fage, ya ɗan dakata, sannan murya ta shigo ta ja kalmar fari ta riƙe ta kamar mai sauke kaya daga ka bayan doguwar tafiya. Ba ta sauya ma'anar baitocin ba, ba ta kuma rushe karin Warren ba. Abin da ta sauya shi ne mai maganar. Gordon ya rubuta murnar wanda ya samu, ita kuwa ta sa an ji tsawon rashin da ya gabaci samun. Ga kuma wata ɓarɓashin ƙaiƙayi a muryarta da ke gogar santsin gogen, kuma a wannan gogayya ne daɗin yake. Duk aikin bai wuce minti 3 ba.

Abin mamaki, a lokacin waƙar ba ta yi wata rawar gani ba. Ta kai matsayi na 2 a jerin baƙaƙe a 1961, amma a babban jeri a na 47 ta tsaya. Sannu a hankali ne, ta hanyar bukukuwan aure da finafinai da tallace-tallace, ta mamaye ƙasar, har aka shigar da ita taskar girmamawa ta Grammy a 1999.

Shekarun da suka biyo baya ba sai mun daɗe a kansu ba. Ta je Muscle Shoals a jihar Alabama a 1967 ta yi "Tell Mama" da "I'd Rather Go Blind", waɗanda su ne ƙololuwar sol ɗinta. Ta kuma faɗa shan muguwar ƙwayar nan ta hiroyin, ta sha shiga hannun hukuma da gidajen jinya, har zuwa 1988 da ta kwanta a cibiyar Betty Ford. Ita da kanta ta zayyana wannan duka a littafin tarihin rayuwarta, Rage to Survive, wanda ta yi tare da David Ritz a 1995, ba ta ɓoye kome ba.

Komawarta ta biyu ga waƙoƙin gado ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin a wannan karo ba ɗan kasuwa ne ya tura ta ba. Dorothy mace ce mai son jaz, Billie Holiday ce gwanarta, kuma ta daɗe tana ganin 'yarta ta tsaya ga kiɗan hayaniya alhali tana iya abin da ya fi shi. A 1994, tana da shekara 56, Etta ta fitar da faifan Mystery Lady: Songs of Billie Holiday. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka Billie ce matar da ba a san cikinta ba, alhali kuwa sunan nan na yarinta ne da ta ba uwarta.

A nan akwai haɗari babba. Billie Holiday, wadda ta rasu a 1959 tana da shekara 44, murya gare ta 'yar siririya wadda ba ta hawa can sama, ba ta sauka can ƙasa. Gwanintarta a wajen lokaci take: takan bar kiɗa ya wuce ta kaɗan sannan ta biyo shi, kamar mai magana da ke tauna kalma kafin ta furta. Mawaƙa da dama sun gwada kwaikwayonta sun ƙare a abin dariya. Etta kuwa kishiyarta ce ta kowace fuska, murya gare ta mai cika ɗaki, ga shi shekaru sun ƙara mata kauri da zurfi. Da ta kwaikwayi Billie da ta yi ƙarya, da kuma ta saki muryar Muscle Shoals a kan waƙoƙin da ta murƙushe su. Sai ta bi hanya ta uku. Gwanin fiyano Cedar Walton ya tsara mata kiɗa da 'yar ƙaramar ƙungiya, da Red Holloway a kan saksafon, ita kuma ta riƙe linzamin muryarta, ta yadda mai sauraro ke jin ƙarfin yana nan kwance, ba a dai sake shi ba. A saurari "You've Changed". Billie ta rera ta a faifan Lady in Satin na 1958, lokacin muryarta ta riga ta dusashe, sai ka ji macen da aka karya. A bakin Etta kuwa sai ka ji macen da ta ga jiya ta ga yau, tana faɗa wa namiji abin da ta lura da shi, ba roƙonsa take ba. Kalmomi ɗaya, mata biyu.

Faifan ba ya rasa aibi. Waƙoƙi 11 ne, kusan dukansu tafiyar hawainiya suke, wanda ya saurare su a zama ɗaya zai so a ce an ɗan sauya taki a tsakiya. Ban da haka ta kauce wa "Strange Fruit", waƙar Billie a kan rataye baƙar fata da ake yi a kudancin Amurka, ta tsaya ga na soyayya kurum. Amma akwai wani abu a jerin waƙoƙin da ya kamata mu marubuta mu tsaya a kansa. An ce waƙoƙin Billie Holiday ne, alhali cikin 11 ɗin nan ɗaya tak, "Don't Explain", Billie ke da hannu a rubuta ta. "The Man I Love" da "Embraceable You" na George Gershwin ne da ɗan'uwansa Ira, "How Deep Is the Ocean" ta Irving Berlin ce tun 1932, "The Very Thought of You" kuma ta Ray Noble ce, mutumin Ingila. Wato Billie ma da rerawa ta mallake su, kamar dai yadda Etta ta mallaki "At Last".

A 1995 faifan ya ci lambar Grammy ta gwanar rera jaz. Ita ce Grammy ɗinta ta fari, shekara 40 bayan "The Wallflower", kuma a fagen da ba nan aka san ta ba. Ta ci gaba da wannan hanya da Time After Time a 1995 da Blue Gardenia a 2001, inda ta ba Dorothy, tsohuwa a lokacin, ta rera waƙar da aka sa wa faifan sunanta.

A 2008 Beyoncé ta fito a matsayin Etta a fim ɗin Cadillac Records, wanda aka gina kan tarihin kamfanin Chess. A watan Janairu na 2009 kuma ita aka gayyata ta rera "At Last" a liyafar rantsar da Barack Obama, shi da matarsa Michelle suna rawa. Bayan 'yan kwanaki Etta ta hau dandamali a birnin Siyatil ta yi ta faɗa a gaban jama'a, wai an je ana rera mata waƙarta. Daga baya ta ce raha take, amma ta amsa cewa rashin gayyatar ya yi mata ciwo. Ta rasu ran 20 ga Janairu, 2012, a Riverside ta jihar Kalifoniya, bayan fama da sankarar jini, saura kwana 5 ta cika shekara 74. A wajen jana'izarta Christina Aguilera ce ta tashi ta rera "At Last", kuma karin Etta ta bi, ba na Miller ba.