Ware ƙwaya guda: tushen ilimin bakteriya daga Girei

Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola, tana da sashen nazarin ƙananan halittu, kuma ɗalibin da ya shiga sashen ba ya daɗewa bai gamu da darasin bakteriya ba. Da yawa suna ɗaukarsa darasin hadda: sunayen Latin, siffofi, shekaru. Ni kuwa ina ganin tushensa aikin hannu ne guda ɗaya, wato ware ƙwaya ɗaya daga cikin dubbai, a raine ta ita kaɗai, a tabbatar da ko wace ce. Sauran babuka a kan wannan suka hau.

Tarihin fannin shaida ne. Tun 1676 Leeuwenhoek ya hango waɗannan halittu a madubinsa mai ƙara girman abu a ƙasar Holan, amma sai da aka yi shekara ɗari biyu gani bai zama ilimin cuta ba. Abin da ya sauya lamarin dabarar raino ce. A ɗakin gwaje-gwajen Robert Koch aka fara shuka ƙwayoyin a kan abinci daskararre, da aga, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, bisa shawarar Fanny Hesse. Petri ya kawo farantinsa mai murfi a 1887. Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a 1882, sannan ya bi ta kwalara zuwa Masar da Kalkata a 1883 da 1884.

Ɗalibi na yau wannan sawun yake bi. Yana dafa abincin ƙwayoyin a tukunyar turiri mai matsi, zafi digiri 121, minti 15, don kada wani abu mai rai ya saura. Yana ƙona bakin 'yar wayar ƙarfe ta ɗiban samfuri har ta yi ja, ya bari ta huce, ya ɗebo samfuri ya zizara a gefen faranti, ya sake ƙona wayar, ya ja daga zizarar farko zuwa wani sashe, haka har sau uku ko huɗu. Kowane ja yana rage yawan ƙwayoyin. Bayan kwana guda a ɗumin digiri 37, sashen farko ya cunkushe, na ƙarshe kuwa ɗigo-ɗigo ne a warwatse, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda. Wanda ya yi garaje bai jira wayar ta huce ba, ya kashe abin da ya ɗebo. Wanda ya yi ta surutu a kan buɗaɗɗen faranti, ƙwayoyin bakinsa zai raina.

Rinin Gram, na likitan Denmak da ya ƙirƙiro shi a 1884, shi ma hannu yake so. A zuba rini shunayya, a bi da aidin, a wanke da sifirit, a rufe da jan rini. Ƙwaya mai kaurin bango tana riƙe shunayya, mai siririn bango tana sakinsa ta ɗauki ja. Sirrin yana cikin 'yan daƙiƙun wankin: in sifirit ya daɗe, kowa ya koma ja, kuma sakamakon ƙarya ya fito da kamar gaskiya. Kwalara da taifot da sanƙarau irin na annoba duk masu ɗaukar ja ne, mashaƙo kuwa shunayya, kuma wannan bambancin yana shiga har cikin zaɓen magani.

A Girei ba sai an je nesa neman misali ba. A 2019 amai da gudawa ya ɓarke a Adamawa, Girei da Yola ta Arewa na cikin inda ya fi kamari. Wurin da ke gaɓar Binuwai, inda ambaliya kan haɗa masai da rijiya, kullum damina da fargabarta. Amma ba kowace gudawa ce kwalara ba, kuma kafin hukuma ta ayyana annoba sai an shuka bayan gidan majiyyaci a wani abinci na musamman mai sukari, an ga ɗigo ruwan ɗorawa sun fito, an bi su da gwajin tabbatarwa. Lissafin hayayyafa ma ya dace da garin: ƙwayar da ke ninkuwa duk minti 20 za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai, kuma zafin yankin a watan Maris da Afrilu, da kan wuce digiri 40, ba ya yi wa kunun aya da aka bari a rana sassauci. Kada dai a manta, yawancin bakteriya ba abokan gaba ba ne. Su ke mai da madara kindirmo a rugagen Fulani, su ke nuna daddawa, su ke ɗaure wa gyaɗa da wake taki a saiwa.

Inda rashin wannan tushe ya fi bayyana shi ne taifot. Gwajin Widal, na 1896, ba ƙwayar yake nema ba, garkuwar da jiki ya yi mata yake aunawa. A ƙasar da mutane da dama suka taɓa gamuwa da ita ko da danginta, sai ya nuna "akwai" ga wanda zazzaɓin cizon sauro ke damu. Shuka jini ya fi shi tabbas, sai dai yana cin kwanaki da kuɗi da wutar lantarki marar yankewa, saboda haka ake gudunsa. Daga nan sai kyamis, sai maganin kashe ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon bijirewar bakteriya ga magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Gwajin da ke nuna wane magani ne har yanzu yake ci, wanda aka daidaita a 1966, ba shi da wuya: a shimfiɗa ƙwayar a faranti, a jera 'yan takardu masu ɗauke da magani daban-daban, washegari a auna da milimita faɗin filin da ta kasa tsirowa kewaye da kowace takarda. Amma sharaɗinsa a fara da ƙwaya tsantsa, domin gauraye ba ya ba da amsar da za a dogara da ita. Tun da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Yola ta koma asibitin koyarwa na jami'ar, samfuran da ke buƙatar wannan aiki suna tsallaken kogi kawai daga azuzuwan Girei.