Alhazan Maraɗi: ina dukiyarsu ta samo tushe?

Ya kai mai karatu, in ka shiga kasuwar Maraɗi ka ga mangaza cike da kaya, kamyo na shiga, kamyo na fita, wataƙila ka ce arziki ne kawai daga Allah. Gaskiya ne, Allah ke badawa. Amma akwai hanyar da dukiyar nan ta biyo, har masana sun zauna sun yi bincike a kanta. Wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya daɗe yana hira da ƴan kasuwar garin, ya fid da littafi a 1986 mai suna Les Alhazai de Maradi. Bari mu bi labarin tare.

Ka san Katsinawa ne sunka kafa Maraɗi bayan jihadi, farkon ƙarni na 19. A da garin yaƙi ne, kuma cikin fadama yake, bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci tsohon gari, anka tayar da mutane zuwa tudu inda suke yau.

Abin da ya maida Maraɗi garin ciniki shi ne gujiya. Zamanin mulkin Nasara, kamfanoni irin su CFAO da SCOA ke fid da ita zuwa Faransa. To, Bature bai san ƙauye ba, bai san wa ke biyan bashi ba. Sai ya ba wani ɗan gari kuɗi, shi kuma ya rarraba ma yaransa, su ɗauki sikeli su shiga kasuwannin karkara. Nan ne manyan alhazai na farko sunka koyi juya kuɗi mai yawa. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, alhazai sunka zama masu sayo mata. Bankin BDRN kuma ya fara ba su lamuni.

Sai fari ya zo. Yunwar 1973 da 1974 ta sa talaka ya bar gujiya ya koma ga hatsi, don ciki ke gaba. Wanda ya dogara ga gujiya kaɗai ya faɗi. Waɗanda sunka tsira su ne waɗanda sunka riga sunka juya fuska wajen Najeriya. Tun lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, sun gane hanyar ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a kawo Maraɗi, a shiga da su Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Da kuɗin man fetur ya ƙaru a Najeriya, gwamnatinta kuma ta hana shigo da wasu kaya irin taba sigari da atamfa, sai cinikin nan ya zama babbar rijiya.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalin mai binciken. Ya tarar jarin alhaji bai tsaya ga kuɗi ba. Akwai abin da su da kansu ke kira arzikin mutane. Alhaji uban gida ne, yana da barori. Shi ke ci da su, ya yi musu aure, ya biya in sun shiga wahala. Su kuma su ne ƙafarsa da idonsa: wannan na Kano yana jin farashi, wancan na bakin iyaka, wani na biye da mota. Bara in ya nuna amana shekara da shekaru, sai a ba shi jari ya tsaya da kansa, amma bai yanke da gidan ubangidansa ba. Da haka kaya na miliyoyi ke ƙetare iyaka bisa magana kawai, ba takarda ko guda. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa kasuwa.

Wannan tsari yana da ƙarfi, amma yana da rauni biyu. Na farko, dukiyar a rataye take ga abin da wata ƙasa ta yanke. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a 2019, Maraɗi ta ji a jikinta. A Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, mai sayo kaya waje ya wayi gari farashi ya ninka masa. Na biyu, komi na cikin kan mutum guda. Wa ke bin sa bashi, wa yake bi, nawa ya rage a mangaza, shi kaɗai ya sani. Ran da ya cika, a raba gado, barori su watse, gidan da ya yi shekara talatin yana ginuwa ya rushe cikin shekara biyu.

Na ga irin wannan da idona. Wani ɗalibina, magidanci ne, ya shigo ajinmu na yaƙi da jahilci bayan rasuwar mahaifinsa. Ya ce mini mutane da yawa sun zo karɓar bashi, amma waɗanda tsohon ke bi, ƙalilan ne sunka zo biya. Ba littafi, ba shaida. Abin da ya kawo shi ke nan, ya koyi rubuta lissafi.

To, mai karatu, ko teburi gare ka bakin hanya, tambayi kanka abu uku. Su wa na riƙe da amana, kuma me nike yi musu? In hanyar da nike ci ta toshe gobe, ina ta biyu? In na kwanta ciwo wata guda, akwai wanda zai buɗe littafi ya gane inda na tsaya? Alhazan Maraɗi sun amsa ta farko da kyau, wasunsu sun amsa ta biyu. Ta uku ta rage garemu.